Talabijin a bango ba tarihi ba ne

To, an gama baje kolin tarihin masana'antunmu na Katsina, an ɗauki hotuna, an raba lemo. Ku da kuka je kun gani da idonku. Masaƙa an zagaye ta da jar igiya, an manna takarda wai "Kada a taɓa". Can gefe kuma ga ƙaton allo na zamani, wai shi yara za su riƙa latsawa su koyi tarihin masana'antunmu. Allon kuwa a mace, an ɗauke wuta. Masu shirya baje kolin, sannunku da aiki, ranku ya daɗe. Abin da ya kamata a taɓa kun hana, wanda kuka yarda a taɓa ba ya motsi.

Ko da akwai wutar ma, me aka yi? Yaron Katsina na yau ba latsa gilashi ya rasa ba, tun asuba yana kan wayar uwarsa. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya riƙe auduga da anguryarta a ciki. Ku ba shi dutsen gurza da ɗan ƙarfe, ku ce ya raba su na minti biyar, a ɗora abin da ya samu a sikeli. Sannan ya matsa gaba, ga ɗan injin gurza na hannu, ya juya shi minti biyar, a sake aunawa. Shi ke nan, ba sai an yi masa lacca ba. Kafaɗarsa ce za ta gaya masa abin da ya sa Turawa suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a 1902 don nema wa masaƙun Ingila auduga, da abin da ya kawo gidan gurza Funtuwa, da abin da ya ja layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Zai kuma gane inda sana'ar kakarsa ta tafi, ita da bakan shiɓa da mazari.

Ku bari su taɓa, jama'a. Ku bari su taɓa!

Wani ya ce mini ai yara za su lalata. To su lalata mana. Mazari nawa yake? A adana na asali cikin gilashi, kafinta da maƙeri su ƙera na wasa guda goma, in ya karye a gyara da yamma. Allon nan naku in ya tsage, sai an jira wani daga Legas. Wani kuma ya ce haka ake yi a Turai. Wace Turai? A Mancesta, gidan tarihin kimiyya da masana'antu yana harabar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne kunna tsofaffin injinan kaɗi da saƙa a gaban baƙi, su ji ƙarar har cikin ƙirji. Masu cewa babu kuɗi ba zan ma amsa su ba, na ga kujerun da aka yo haya.

Ga kamfanin mulmula ƙarfe da aka buɗe mana a Katsina zamanin Shagari, wanda aka tsara zai riƙa karɓar sandunan ƙarfe daga kamfanin ƙarfe na Aladja da ke Jihar Delta ta yanzu, yana mayar da su rodi. Yara nawa suka san yadda ake yi? Alhali injin taliya 'yar murji ne babba: a tura abu mai kauri tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, ya fito siriri, ya ƙara tsawo. Ba yaro curin yumɓu da mariƙin juyawa, ya murza da kansa. A haƙa ɗan karofi a tsakar gida, ya tsoma ƙyalle cikin baba, ya ga ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi. Ya danna zugazugi ya ga garwashi ya yi ja.

Wallahi abin da ke ci mini rai ba allon ba ne. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka suna nan da ransu, a zauruka, ba mai tambayarsu komai. Tsohon ma'aikacin masaƙar Funtuwa, tsohuwar da har yau in ta ga auduga yatsunta ke neman alli. Su ya kamata a ɗauka a biya su, su tsaya kusa da kayan, su kama hannun yaro su nuna masa yadda ake jefa ƙoshiya. Kowace shekara muna binne wasu.