Masu wifi na unguwa, ku raba mana layin nan da adalci

Tikiti ɗaya muke saya, kuɗi ɗaya muke biya, to a kan me mutum guda zai kwashe layin gaba ɗaya ya bar mu muna kallon waya tana juyi? Da ku nake, masu sayar da tikitin wifi a unguwannin Yamai. Wallahi abin ya ishe mu.

A unguwarmu, da an idar da sallar isha'i shi ke nan, rezo ya mutu. Saƙon murya na WhatsApp, ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai ya maƙale da alamar agogo a gefensa. Maƙwabciyata tela ce, mai kaya ta turo mata hoton ɗinki, hoton ya tsaya dishi-dishi har tikitinta ya ƙare. A kan benci kuwa ga wani saurayi da kwamfuta yana sauke fina-finai hankali kwance. In ka yi magana, mai wifi ya ce maka "Haƙuri, Malam, mutane ne suka yi yawa."

Ba yawan mutane ba ne kawai. Ƙa'idar TCP da intanet ke tafiya a kai tana da kunya: in ta ga hanya ta cushe sai ta rage gudunta da rabi, sannan ta riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wani masanin kwamfuta, Van Jacobson, ne ya kawo wannan gyara a 1988, bayan cunkoson 1986 da ya durƙusar da wani layi a Berkeley ta Amurka. Amma rabon nata na kowace haɗa ne, wato kowace ƙofa da waya ko kwamfuta ta buɗe zuwa intanet, ba na kowane mutum ba. Manhajar saurayin nan tana buɗe haɗa da yawa a lokaci guda, kamar wanda ya jera jarkoki goma a bakin famfo alhali kai da bokiti ɗaya ka zo. Kayansa su cika ma'ajiyar na'urar wifi, naka ɗan saƙon ya bi dogon layi a bayansu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maganin yana cikin akwatin da kuke buga tikiti da shi. Akwatin nan, na'urar MikroTik, tana da wani tsari mai suna PCQ da ke ba kowace waya layinta daban, a raba gudu daidai wa daida, in wasu sun tashi sauran su ci rarar. Aikin ɗan lokaci ne ga wanda ya iya. Kun biya an saita muku lokacin da tikiti zai mutu, daƙiƙa ɗaya ba ya ƙarawa, amma saitin rabo ya gagare ku?

Ku kira mai gyaran ya saita. Ku rubuta a allo gudun da kowane tikiti yake da shi. In layi ya cika kuma, ku daina karɓar kuɗin mutane har sai wani ya sauka.