Wa zai kai kwanon Kirsimeti bana?

Shekaranjiya da daddare ina yanka cin-cin, ɗana mai shekara biyar yana zaune a gefen tire yana satar ɗanyen ƙulli yana kaiwa baki, sai na tambaye shi me ya tuna na Kirsimetin bara. Da manufa na yi tambayar, ba zan ɓoye muku ba. Bara na ɗauke su su uku na kai su wani babban kanti a cikin gari inda aka zaunar da Baba Kirsimeti da jar riga da gemun auduga. Na biya kuɗin shiga, na biya na hoto, na biya na lilo, ga kuɗin Keke zuwa da dawowa. So nake yaron ya ambaci wannan, ko raina ya yi sanyi a kan kuɗina.

Sai ya ce, "Mama, ranar da zakara ya gudu."

Wato ranar jajibere, lokacin da babansu ya kwance zakaran da za a yanka, ya kuɓuce masa, yaran layinmu kaf suka bi shi da gudu har ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar mota, aka yi ta zungurarsa da kara. Yayarsa mai shekara takwas kuwa cewa ta yi ita abin da ba ta mantawa shi ne yadda fiffikenta na kwali ya faɗi a gaban ikilisiya tana tsakiyar yi wa makiyaya albishir, ta sunkuya ta ɗauka ta riƙe a hannu ta ƙarasa ayarta. Baba Kirsimeti ko sunansa ba wanda ya kira. Auta ma da ya gan shi ihu ya tsala ya ƙanƙame ni, hoton yana nan a wayata, bakinsa a wangale.

Tun daren nake juya maganar a raina. Na ga kamar mu iyayen yanzu mun mai da yaranmu 'yan kallo a bikin da ya kamata su zama masu hidima. Muna saya musu Kirsimeti, mu shirya shi mu ajiye musu a gaba kamar abincin baƙo. Mu kuwa da muka taso, aiki aka ba mu a cikinsa, shi ya sa har yau yake zaune a zukatanmu.

A Tudun Wada ta Kaduna na tashi, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, Musulmi da Kirista rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Da watan Nuwamba ya kama Mama za ta kwashi adashenta ta ja mu Kasuwar Barci a yanko atamfa a kai wa tela. Shi kuma telan nan, Allah ya yafe masa, bai taɓa cika alkawari ba. Akwai shekarar da muka kwana a shagonsa ranar 24 ga wata, ni da yayata muna gyangyaɗi a kan benci, sai wajen asuba aka sa wa rigata zif. Takalmi kullum da girma ake sayo shi don ya kai baɗi, a cusa takarda a gaba. Ga kitso mai zafi da ke hana barci kwana biyu, ga hunturu ya farfasa mana ƙafa, Mama ta dirje kaushin da dutse ta lafta mana basilin har muna ƙyalli kamar an soya mu. Sai gilashin roba da agogon da allurarsa ba ta motsi, amma ka tambaye mu lokaci ka ga yadda za mu duba shi da muhimmanci.

Baba yana shiga watanda da abokan aikinsa, a haɗa kuɗi a sayi sa a raba kashi-kashi. Kaji da ɗan akuya kuwa a gida ake yankawa, kuma Baba bai taɓa sa musu wuƙa da hannunsa ba. Malamin da ke ɗakin farko yake kira ya yanka. Ina ƙarama na tambaye shi ko tsoron jini yake yi. Ya yi dariya ya ce, "Ke dai. In ni na yanka, mu kaɗai za mu ci."

Ranar 25 tun ƙarfe huɗu murhu ya kama. Kafin a tafi sujada shinkafa da miya sun sauka, Mama ta jera langa-langa a tsakar gida, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Nan ne ainihin Kirsimetinmu. Kowa da gidajensa. Za ta ɗora miki kwano a ka, ta ɗaure da ɗankwali, ta karanto miki doka: ki yi sallama, ki jira a amsa, ki durƙusa ki gaida manya, ki ce Mama ta ce a kawo, kar ki buɗe kwanon a hanya, in an ba ki tukuici ki karɓa da hannu biyu, kuma kar ki kuskura ki ƙirga a gabansu. Ina shekara shida aka fara aikena. Da kwanon nan na san lungunan unguwarmu, na san gidan da ake shiga kai tsaye da wanda ake tsayawa a zaure, na san wace tsohuwa ce kunnenta ya yi nauyi sai an ɗaga murya.

Akwai wata Hajiya a bayan layinmu, ƙawar Mama ce ta ƙut da ƙut. Kwanonmu bai taɓa dawowa daga gidanta wayam ba, ko dabino, ko ƙwai, ko soyayyar gyaɗa. Za ta juya ni ta duba ɗinkin, ta ce, "Kai, amarya! Barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana." Sannan ta kwance bakin zane ta miƙo naira biyar. Shekarar da mijinta ya ba ni Murtala sabuwa fil, na zaci na yi arziki ke nan. Da yamma Mama za ta tara mu ta ce, "Ku kawo in ajiye muku." Har yau da nake da 'ya'ya uku ajiyar nan ba ta fito ba.

Ba kowane gida ne ke karɓa ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai gidan da aka gaya wa Mama cikin mutunci cewa su ba sa cin abincin bikin, ta ce ba komai. Ba ta sake aikawa ba, ba ta kuma daina gaishe su ba, ranar sunan ɗansu ita ce a bakin tukunya. Da babbar Sallah ta zo kuwa sai kwanukan su juyo, naman layya ya cika mana ɗaki har Mama ta rasa inda za ta shanya.

Shekarar da ba mu yi biki a Kaduna ba, Wusasa muke tafiya wurin Kaka. Masu tambayata a nan ko da gaske ni Bahaushiya ce kuma Kirista, ku je Wusasa ku ga majami'ar Saint Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa tun 1929. Kaka takan ba mu labarin Likita Mila da aikin mishan a Zariya kamar jiya aka yi, da yadda cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Ita ma ba ta barin jika ya zauna hannu rabbana. Daren jajibere za ta kunna fitilar ƙwai, kowa ya kawo ayarsa daga Luka sura ta biyu, da ka, da Hausa. Wanda ya kawo daidai ya sami gaɓar rake, wanda ya kakare ya sami rabi. Ni ayar komin dabbobi ce tawa shekara uku a jere, domin ita kaɗai ta zauna mini.

Sai Fabrairun 2000 ta zo da rikicin addini. Wanda ya zauna a Kaduna ya san abin da ya faru, ba sai na tona ba. Mun fita da ranmu, maƙwabta ne ma suka raka mu. Muka tsallaka kogi muka koma Sabon Tasha kamar dubban mutane, wasu dubban kuma suka tsallako ta ɗaya ɓangaren. Gari ya rabu biyu, gada ta zama iyaka.

Kirsimetin farko a sabon gida ba na mantawa da shi. Mama ta auna shinkafa yadda ta saba, ta dafa, ta jera kwanuka, sannan ta tsaya tana kallonsu. Dama da hagu duk shinkafa ake dafawa, kowane gida miya na tafasa. Wa za a kai wa? Muka ɗan yi musaya da maƙwabta, kwanon shinkafa ya tafi kwanon shinkafa ya dawo. Ranar ba ta ci abinci sosai ba.

Yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu sun zama iyaye. Da yawansu, nan da can, ba su taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba da kwano a ka. Nawa ma haka suke tasowa, kuma laifina ne. Kwanakin baya 'yata ta tambaye ni ko Musulmi suna cin cin-cin. Dariya na yi a gabanta, amma tambayar ta tsaya mini a wuya.

To me muka sa a gurbin aiken? Anko na gida gaba ɗaya har da jar hula, bishiyar roba da fitilu masu walƙiya, da hoton da za a ɗora a Facebook kafin a tafi majami'a. Ba na kushe kowa, ni ma na yi. Sabon kaya kuma haƙƙin yaro ne, wanda ya taɓa zuwa makarantar Lahadi ranar Kirsimeti da tsohuwar riga ya san ciwon, kuma ba zan taɓa ce wa uwa ta hana ɗanta ɗinki don wata falsafa tawa ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, buhun shinkafa ya kai wajen naira dubu ɗari a ƙarshen 2024, amma na san mata a Zumuntarmu ta matan majami'a da suka ci bashi don hoton kwana ɗaya, suka shiga Janairu kuɗin makaranta na jiransu. Hoton nan don wa? Yaron ko kallonsa ba ya yi. Don ƙawaye ne, don 'yan uwan miji, don masu danna alamar so.

Abin da yaro ke riƙewa kuwa ba ya cin ko sisi. A ba shi wuƙar da ba ta da kaifi ya yanka cin-cin ko da karkatacce ne. A bar shi ya fige kaza ya ɓata jikinsa. A bar ta ta yanka fiffikenta na kwali da kanta maimakon a sayo na kanti. Wasan kwaikwayon yara a majami'a ma na lura manya sun fara ƙwace shi, ana so ya fito tsaf saboda masu ɗaukar bidiyo, alhali daɗinsa shi ne Hirudus ya manta maganarsa, ko tumaki su kama faɗa a gaban bagade. A bar su su yi da Hausa mana, ko da harshen kakanninsu. Ba dole sai da Turanci mala'ika zai yi magana ba.

Na san abin da za a ce mini a ƙasa, zamani ya canza, wa zai saki ɗan shekara shida a titi yanzu? Gaskiya ne, ni ma ba zan saki nawa ba. Sai dai ba a ce dole su tafi su kaɗai ba. Ki bi su a baya, ki tsaya a ƙofa, amma kwanon ya kasance a hannunsu, sallamar ta fito daga bakinsu. Wata kuma za ta ce in an kai zubarwa za a yi. Mai yiwuwa wani ya zubar. Ki tambaya tukuna, ki sa wanda suka yarda da yankansa ya yanka, ko ki aika da cin-cin da lemo, ko ɗanyar shinkafa mudu ɗaya. Wanda ya ce a'a ki karɓi a'arsa da fuska a sake kamar yadda Mama ta yi. 'Yan uwana Musulmi da ke karanta wannan, ku ma in Sallah ta zo ku duba ko akwai gidan da yaranku za su kai wa nama a tsallaken layi.

Bana na ba babbar takarda da biro na ce ta rubuta gidajen da za mu kai. Ta rubuta mai gadin layinmu, mutumin Katsina ne. Ta rubuta mai shagon da ke ba mu bashin burodi, da mai kayan miya, da wata gwauruwa a majami'armu wadda 'ya'yanta duk suna Legas. Ni na ƙara suna ɗaya a ƙasa. Na nemo lambar 'yar Hajiya, na kira, ta ce tsohuwa tana nan da ranta a gidan nan dai na Tudun Wada, ido ya yi rauni amma baki na nan. Da aka ba ta wayar na faɗi ko ni wace ce, sai ta ce, "Amarya? Ina kika shiga?" Na kasa magana na ɗan lokaci.

Mun shirya bayan an taso sujada za mu tsallaka gada mu biyar. Malamin da ke sayar mana da kaji zai yanka tun ranar jajibere, kuma na gaya wa maigida ya riƙe zakaran da kyau bana, ko da yake yaran addu'a suke ya sake gudu. Tun jiya nake koya wa na tsakiyan yadda ake sallama da durƙuso, yana yi yana faɗuwa gefe. Da na zo kan maganar tukuici, na ce a karɓa da hannu biyu kuma ba a ƙirgawa, sai ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Mama, in ta ba ni, nawa ne, ko ke za ki ajiye mini?"