Zazzaɓin bayan allura da ke hana mu komawa asibiti

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a ƙauyukanmu na yankin Ringim. Za a kai jariri riga-kafin sati shida, a yi masa allura a cinya, da dare jikinsa ya yi zafi, wurin ya ɗan kumbura, ya hana kowa barci. Gari na wayewa kaka ta ce, "Ai ga irinta nan, yaro lafiya lau kun je kun sayo masa ciwo." Maigida ya ce kada a ƙara komawa, kati ya shige ƙarƙashin katifa.

Alhali zafin nan jiki ne ya kama aiki. Kowace ƙwayar cuta akwai wata alama a jikinta, wadda likitoci ke kira antijin. Allurar nan alamar kawai take ɗauke da ita, daga ƙwayar da aka kashe ko dafinta da aka kashe wa kaifi. Da ta shiga, sai wasu fararen ƙwayoyin jini su fara ƙera antibodi, sinadarin da ke manne wa wannan alamar ita kaɗai, ya hana ta ɓarna, ya tona ta ga sauran ƙwayoyin su haɗiye. Kamar dai a nuna wa 'yan sintiri fuskar ɓarawo tun bai shigo gari ba. Karon farko jiki kan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ya tara isasshe. Amma wasu ƙwayoyin suna riƙe alamar, in ta sake zuwa, cikin 'yan kwanaki sun antayo antibodi mai yawa, mai kama ta gam. Dalilin da ya sa ake yin allurar sau uku ke nan, a sati 6, sati 10 da sati 14. Wanda ya tsaya a ta farko, kariyarsa ba ta nuna ba.

Mun ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023, yara maƙogwaro ya toshe, numfashi da ƙyar, kuma akasarinsu ba su kammala riga-kafi ba. Kariyar mashaƙo tana cikin waɗannan allurai ukun da muke gudu.

Ta ƙyanda kuwa sai wata tara, domin antibodin da jariri ya samo daga uwa tun yana ciki kan hana allurar kamawa in an yi ta da wuri.

Ni fa ban ɗora wa iyaye mata laifi ba. Sau da yawa layi ya yi tsawo, ma'aikaciya ta tsira allura ta ce "sai wata mai zuwa", babu wanda ya gaya wa uwa cewa zazzaɓi zai iya zuwa ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Mu maza kuma, mu ke ba da izini da kuɗin mashin. In an tsallake wa yaronka allura, ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.