Ƙannena, Jikinku Bai Gama Girma Ba Tukuna

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata, musamman ku da kuke tsakanin shekara 12 zuwa 20. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga idan muka ci gaba da yin shiru saboda kunya, masu kyamis da masu haɗa man shafawa ne za su ci gaba da yi muku bayani a madadinmu. Maganar ita ce ta jikinku, da yadda da yawa daga cikinku suka fara tsanar halittarsu tun ba ta gama bayyana ba.

Ku shiga kowane aji na ƙaramar sakandare ku duba. Za ku ga yarinya 'yar shekara 13 ta zama cikakkiyar budurwa, kusa da ita kuma ga sa'arta ko ƙirgen dangi ba ta fara ba. Ga yaro muryarsa ta buɗe har gashin baki ya fara tsirowa, ga abokinsa da aka yi musu suna sati ɗaya har yanzu muryarsa siririya ce. Dukkansu lafiyarsu ƙalau. Likitoci sun ce balaga tana farawa ga mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, ga namiji kuma tsakanin 9 zuwa 14. Tazarar shekara biyar ke nan, kuma duk wanda ya faɗo a cikinta bai makara ba, bai kuma yi gaggawa ba. Mace takan ga al'adarta ta farko kamar shekara biyu bayan ƙirgen dangi. 'Yan mata sukan riga samari yin tsawo, shi ya sa a wani lokaci za ka ga matan aji sun kere mazan, daga baya mazan su zo su wuce, domin namiji yakan ci gaba da miƙewa har wajen shekara 17 ko 18. Hannuwa da ƙafafu sukan riga gangar jiki girma. Fuska takan yi maiƙo, ƙuraje su feso, warin jiki ya canza, rai ya riƙa ɓaci ba gaira ba dalili. Ba a yanke wa gini hukunci tun yana matakin linta, to haka jikinku yake a waɗannan shekaru.

Na san ba daga madubi damuwar take farawa ba, daga bakin mutane ne. Ana ce wa wannan sillan kara, ana ce wa waccan ƙwaila, wancan ɗan tsurut, wannan kuma baƙa kamar gawayi. Abin takaicin ma, sau da yawa a cikin gida ake fara faɗa. Gwaggo ta zo ziyara ta kalli yarinya a gaban mutane ta ce, "Ke kuwa ba kya cin abinci ne? Wa zai kwashi wannan ƙasusuwan?" A yi dariya a tashi. Ita gwaggo ta manta kafin ta kai bakin titi, yarinya kuwa ta kwana da maganar, ta shekara da ita. Ina so ku san wannan ba a kanku aka fara ba. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta riƙa kaɗa shi saboda rashin jiki, sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa. Manzon Allah (SAW) ya tambaye su abin da suke yi wa dariya, sannan ya shaida musu cewa waɗannan ƙwaurin sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Wannan siririn mutumin shi ne wanda har gobe ake ambaton sunansa idan ana maganar masana Alƙur'ani a cikin sahabbai.

To bari in zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wato maganin ƙiba. Yarinya za ta tara kuɗin tara na makaranta, ta lallaɓa kyamis da magariba cikin hijabi, ta yi ƙasa da murya ta ce a ba ta "sha ka fashe". A ƙirgo mata 'yan ƙananan ƙwayoyi a ƙulle a leda, babu kwali, babu takardar likita, babu ko tambayar shekarunta. Galibin abin da ake bayarwa iri biyu ne. Akwai cyproheptadine, wanda asalinsa maganin borin jini ne da ƙaiƙayi, amma yana buɗe ciki yana kuma sa barci. Ita ce yarinyar da za ka gani tana gyangyaɗi a aji tun ƙarfe tara na safe. Na biyun kuwa, dexamethasone, shi ne babban bala'in. Magani ne mai ƙarfi da likitoci suke ceton rai da shi a cutuka irin su asma mai tsanani, bisa awo da ƙayyadadden lokaci. Idan aka daɗe ana shan sa, ruwa yake tarawa a jiki, ya kwashe kitse ya jibge shi a fuska da ciki da bayan wuya, hannuwa da ƙafafu kuwa su ƙara sirancewa domin yana cinye tsoka. Kumatu su yi suntum, ƙawaye su ce "kin yi kyau, kin murje", alhali kumburi ne. A ciki kuwa sukari yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana yin laushi, garkuwar jiki tana raguwa, al'ada tana rikicewa. Ga wadda ba ta gama girma ba kuma yana iya tsayar da tsawonta. Ƙanwata, ke da Allah zai cika miki jikinki a kyauta nan da shekara uku ko huɗu, don me za ki sayi ciwon sukari da kuɗinki?

Mai son ta yi jiki na gaskiya, hanyar ba ɓoyayyiya ba ce: abinci da barci. Wake, ƙwai, gyaɗa, nono da fura, kifi, hanta idan an samu, zogale da alayyahu, musamman ga wadda ta fara al'ada domin tana asarar jini duk wata. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci mai nauyi jiki ya fi sakin sinadarin girma. Wanda yake kan waya har ƙarfe biyun dare yana tauye wa kansa abin da yake nema a kyamis. Bayan wannan kuma akwai gado. Idan gidanku dogaye ne sirara, ku karɓi abinku hannu biyu.

Sai shafe-shafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da rahoto a 2011 da ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ƙasashe irin su Kwaddibuwa da Gana da Ruwanda sun kafa dokokin hana irin waɗannan mayukan. Mu kuwa a nan har ya zama sana'ar cikin gida: a samo roba babu suna babu lamba, a matse tub uku ko huɗu a ciki, a zuba wani ruwa, a gauraya, a ce "haɗi ne na musamman, sati biyu za ki ga canji". Za ki ga canji kam. Abin da ke cikin haɗin yawanci hydroquinone ne, da mayukan steroid (dangin dexamethasone ɗin nan) irin su clobetasol waɗanda aka yi don masu cutar fata, wani lokaci har da sinadarin mercury. Aikinsu shi ne hana fata samar da melanin, wato launin da Allah ya sanya mana ya zama kariya daga zafin rana. Ku yi tunani, a garin da rana take dukan mutum kamar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, a ce mutum ya cire wa kansa wannan kariyar da hannunsa.

Ku kalli hannun wadda ta shekara biyar tana shafawa, ba da niyyar raini ba, don ku ɗauki darasi. Bayan hannun ya yi fari fat, gaɓoɓin yatsu sun ƙi, sun tsaya baƙi ƙirin. Jijiyoyi kore shar sun fito a damtse domin fatar ta yi siriri. Gefen ido da kumatu sun ƙone sun yi duhun da ya fi na asali, kuma irin wannan tabon na hydroquinone yana da wuyar magani ƙwarai. Ga nankarwa manya-manya a kafaɗa da cinya, ga ƙuraje, ga wari idan zafi ya taso wanda turare ba ya rufewa. Ɗan ƙaramin rauni sai ya daɗe bai warke ba, kuma ranar da aka zo yin tiyata, ko ta haihuwa ce, fatar ba ta riƙe ɗinki yadda ya kamata. Shi kuwa mercury ƙoda yake lalatawa da jijiyoyi, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Mafi muni, idan ta daina sai baƙin ya dawo fiye da da, sai ta koma, ta zama baiwar roba har tsufa. Ina jin ciwo a raina idan na ji uwa ce da kanta take shafa wa 'yarta ƙarama don kada a ce ta fi 'yan uwanta duhu. Allah da kansa ya ce a cikin Suratur Rum saɓanin harsunanmu da launukanmu yana cikin ayoyinsa. A Suratut Tin kuma ya ce ya halicci mutum a mafi kyawun tsari.

Samari, kada ku ɗauka da 'yan mata kawai nake. Ku ne kuke zama a majalisa kuna cewa "fara ko mayya ce", kuna bin masu wucewa da maki kamar masu duba jarrabawa. Ƙanwarka tana jin ka, kuma abin da ta ji kana yabo shi za ta je ta saya. Kai da bakinka ka tura ta, gobe kuma kai ne za ka fara yi mata gorin kala biyu. Ku ji tsoron Allah a kan wannan. Sannan na san ku ma kuna da naku damuwar da ba kwa faɗa wa kowa. Wani gemu ne ya ƙi fitowa yana ta goga mai iri-iri, alhali gemu yakan kai bayan shekara 20 kafin ya cika, wani ma gadonsu ne ba su da shi. Wani ya ji ɗan ƙullutu mai zafi a ƙarƙashin kan nononsa ya shiga firgici, ya daina cire riga a filin ƙwallo. Wannan yana samun samari masu yawa a farkon balaga kuma yakan baje da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Wani kuma an ce masa sai ya sha tiramol zai yi ƙarfin aiki, ya daina jin kunyar mutane. Kun dai ga yadda kodin ya yi da matasa har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke auna sakamakon abu kafin a aikata shi ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, don haka ƙwayar da ka fara a shekara 16 tana shiga ne a lokacin da ta fi saurin kama mutum.

Game da waya ba zan tsawaita ba. Fuskar da kuke gani a TikTok da Instagram ta bi ta filta da fitila da kwalliya, an ɗauka sau da yawa an zaɓi ɗaya. Ita kanta mai hoton ba haka take tashi da asuba ba. Duk shafin da kika lura kina fitowa daga cikinsa kina jin haushin kanki, ki daina bin sa.

Abin da ya kamata ya fi damun wanda ya balaga shi ne alƙalami ya hau kansa. Daga ranar da yaro ya yi mafarki ko yarinya ta ga jini, salla da azumi sun zama wajibi, kuma sai an san wankan janaba da na haila kafin su inganta. Nawa ne a cikinku suka shekara suna salla ba su san wanka ya hau kansu ba, don kawai suna jin nauyin tambaya? Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, sannan ta tambaya ko wanka ya wajaba a kan mace idan ta yi mafarki, ya kuma ba ta amsa. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Babin tsarki yana nan a cikin Ahalari da Ishmawi da ake karantawa a zaurukanmu. Ki tambayi mahaifiyarki ko yayarki ko malamar Islamiyya. Ka tambayi yayanka ko kawunka ko malaminka. Ku kuma yayye da iyaye da wannan rubutu zai iso gare ku, idan yaro ya yi ƙarfin halin tambaya kada ku ce masa ya yi rashin kunya, domin idan kuka kore shi sau ɗaya ba zai sake dawowa ba, wajen abokai zai koma.

Akwai lokacin da ya kamata a je asibiti: idan yarinya ta kai 13 babu alamar ƙirgen dangi, ko ta kai 15 ba ta ga al'ada ba, ko yaro ya wuce 14 babu wata alama, ko alamun suka bayyana kafin shekara 8 ga mace da 9 ga namiji. Haka nan idan jinin al'ada yana yawa har ana jin jiri, ko ciwon mara yana hana zuwa makaranta, ko ƙurajen fuska suna barin tabo, ko damuwa da siffar jiki ta kai mutum ya daina cin abinci ko ya daina shiga mutane. Duk waɗannan suna da magani a hannun masana.

Ke kuma da kika riga kika fara, ba na ƙyamar ki, kuma ba ki makara ba. Sai dai ki kula da wannan sosai: idan kin ɗauki makonni kina shan dexamethasone, kada ki yanke shi rana ɗaya. Jiki yana da nasa sinadarin irin wannan da yake samarwa, kuma idan aka daɗe ana ba shi daga waje sai ya rage yin nasa. Yankewa farat ɗaya tana iya jawo kasala mai tsanani da amai da faɗuwar jini, har ta kai ga rasa rai. Likita ne zai riƙa rage miki shi kaɗan-kaɗan. Man shafawa mai steroid shi ma idan aka bar shi kwatsam fata takan yi ja ta yi zafi ta feso da ƙuraje, wannan ne yake sa da yawa su koma. Ki ɗauki ledar ƙwayar ko robar man ki tafi da ita asibitin gwamnati mafi kusa, ki nemi a haɗa ki da likitan fata idan akwai, ki gaya masa tun yaushe kika fara da kuma nawa kike sha a rana ba tare da kin rage komai ba. Idan kina jin tsoron zuwa ke kaɗai, ki samu babbar mace ɗaya da kika yarda da ita a dangi ta raka ki. Allah ya ba ku lafiya, ya raya mana ku.