Tayar ta mai mota ce, laifin kuma a rubuta wa direba?

Ranar wata Asabar na je Ijora a Legas wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata ne, ya fi shekara ashirin yana jan tirela tsakanin tashar jirgin ruwa ta Apapa da Kano. Na same shi a teburin mai shayi ƙarƙashin gada ya tasa wata 'yar takarda a gaba yana kallo, shayin ma har ya huce bai taɓa ba. Na ce "Kawu lafiya dai?" sai ya turo min takardar ya ce "karanta ka gani ɗan nan, ku da kuka yi boko." Takardar tara ce, an kama shi da tayoyi biyu na baya da suka cinye har waya ta fara leƙowa, an rubuta lambar motar, an rubuta sunansa da lambar lasin ɗinsa. Ya ce wallahi sau uku yana kiran maigidan a waya kan tayoyin nan tun yana Kano, amsar dai guda ce, "ka yi wannan lodin ka dawo, Allah zai kiyaye." Da aka kama shi kuwa maigida cewa yayi a cire tarar daga kuɗin hanya tunda shi ya ƙi lallaɓa ma'aikatan. Sunan mai motar bai fito ko'ina a takardar ba.

Ni fa ba na cikin masu cewa a ƙyale manyan motoci su yi yadda suka ga dama, kar a fahimce ni a baibai. Duk wanda yake Legas ranar 28 ga Yunin 2018 ya san abin da tanka ɗaya ta yi a gadar Otedola, motoci sama da hamsin suka ƙone ƙurmus, mutane suka mutu a cikin gosulo ba hanyar gudu. A Ojuelegba kwantena ta faɗo kan motoci a 2015, ta sake faɗowa kan wata bas a Janairun 2023 ta kashe mutum tara har da yara. Gida ma ba mu tsira ba, ga gobarar tankar mai a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 inda sama da mutum 150 suka rasu, ga irinta a mahaɗar Dikko a Neja a Janairun 2025. Wanda ya ga waɗannan ba zai ce doka ta yi yawa ba. Abin da ke damuna shi ne a littafin wa ake rubuta laifin, kuma wa ke biyan kuɗinsa.

Doka kam a takarda muna da ita, har ta yi yawa. Hukumar FRSC, 'yan Rod Sefti kenan, tun 1988 aka kafa ta, kuma a jadawalin dokarta ta 2007 kowane laifi yana da tara yana da maki: waya a kunne kana tuƙi maki 4 da naira 4,000, taya da ta cinye maki 3 da naira 3,000, tuƙin ganganci maki 10 da naira 50,000. In makin ya taru a ja maka kunne, in ya ƙaru a dakatar da lasin, in ya wuce nan a ƙwace shi gaba ɗaya. Tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta saka na'urar taƙaita gudu a motocin haya, kuma tirela da tanka ba a yarda su wuce kilomita 60 a awa ɗaya ba ko a babban titi. Legas kuma ta ɗora nata a kai, ga LASTMA masu kula da zirga-zirga a titi, ga VIO masu duba lafiyar mota da kyamarorinsu masu ɗaukar lambar mota, ga LASDRI, cibiyar horar da direbobi, da ake so direban haya ya riƙa zuwa ana duba idonsa ana sabunta masa kati, ga dokar 2012 ta zamanin Fashola da ta ce tirela kar ta yi yawo cikin gari daga 6 na safe zuwa 9 na dare. In tashar jirgin ruwa za ka shiga kuma sai ka samu tikitin Eto, wato izinin shiga da ake nema ta manhaja, wanda hukumar tashoshin jiragen ruwa NPA ta kawo a Fabrairun 2021, kuma motarka ta cika ƙa'idar lafiyar da suka gindaya.

Toh duk wannan da kyau. Amma dubi jerin laifuffukan da ake kama manyan motoci da su ka raba su gida biyu. Akwai na direba zalla, gudu, waya, bin hannun da ba naka ba, shaye-shaye, wannan duk wanda aka kama ya sha hukuncinsa, ba ni da ta cewa. Amma taya fa? Birki fa? Fitila, lodin da ya wuce kima, na'urar gudun da ba a saka ba ko aka saka aka tsinke wayarta, kusoshin nan huɗu da ke riƙe kwantena a kan bodi da suka ci tsatsa aka maye su da sarƙa, wani ma igiya? Direba ba shi ke sayen taya ba. Ba shi ke cewa a ƙara tan goma a kan lodi ba. Taya ɗaya sabuwa ta tirela ta fi abin da direbobi da yawa ke samu a wata, shi yasa masu motoci ke komawa kan 'yar Beljiyam, wadda ta gama rayuwarta a Turai aka kawo mana ta ƙarasa a nan, alhali su Rod Sefti cewa suke taya in ta shekara huɗu daga ranar da aka ƙera ta ta tashi aiki, kuma ranar tana nan rubuce a gefenta, lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. Kawu ya iya karanta wannan lambar fiye da ni, sanin dai bai ba shi kuɗin saye ba.

Wani zai ce ai sai ya ƙi tuƙawa. Mai faɗin haka bai taɓa zama a gareji ba. Ka ajiye makulli da safe, kafin azahar an miƙa wa yaron motarka, wanda jiya-jiya yake ɗauko jak yana saka waigi a taya, kuma shi ba zai tambayi lafiyar birki ba don ya daɗe yana mafarkin sitiyarin. Kaga kenan dokar da ta matse direba ita kaɗai ba ta cire mugunyar mota daga titi ba, gogaggen direba ta cire ta ɗora sabon shiga a kan motar nan dai. Ana dukan jaki an bar taiki.

Sai kuma batun barci, wanda ba kyamarar da ke ɗauka. Mutum ya taso daga Kano ya yi fiye da kilomita dubu, ya ratso Tafa da Mokwa da Jebba a kan ramukan da kowa ya sani, ya zo Ogere ya ɗan kishingiɗa, ya shigo Legas ya tarar da layi. Kafin Eto mutane sati biyu har uku suke yi a kan gadar Ijora da titin Mil Tu zuwa tashar jirgin ruwa ta Tin Kan, suna kwana ƙarƙashin mota suna wanka da fiya wata. An samu sauƙi yanzu, gaskiya a faɗe ta, amma har gobe direba yana iya kwana biyu yana gyangyaɗi a kan sitiyari yana matsawa taku-taku don kar a tsallake shi, a gefe ejan mai fito da kaya na kira yana ihun damarej, kuɗin da ake caji in kaya sun yi jinkiri, mai kaya na kira, maigida na kira. Kuɗinsa kuma da yawan tafiya ake lissafawa ba da awa ba. Shi kenan sai ya nemi abin da zai buɗe masa ido, daga goro da shayi mai kauri a koma taramol, in aka yi gwaji aka kama shi sunansa ya ɓaci har abada, kuma ya cancanta, amma wanda ya ba shi kwana biyu ya kai kayan da ke buƙatar kwana huɗu yana gida yana barcinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne rijistar da ake rubuta laifin direbobi ita kanta ƙarya take yi. Kowa a Apapa ya san yawan shingayen da ke tsakanin Mil Tu da ƙofar tasha, masu kaki da marasa kaki da 'yan agbero, har ƙungiyoyin masu motoci irin su AMATO da NARTO sun sha fitowa a jarida suna kuka da su. Motar da birkinta ke zubar da iska in an miƙa na goro ta wuce ba a rubuta komai ba, a kwamfuta fes take. Wanda ya tsaya ya ce a rubuta masa takarda ya je banki ya biya, shi ne zai fito da tabo. Wato kawu da ya ƙi lallaɓawa shi ne mai laifi a rubuce, abokinsa da ya lallaɓa shi ne direban kirki. In manyan kamfanonin siminti da na mai suka fara neman tarihin direba kafin su ɗauke shi aiki, kuma can aka dosa tunda komai yanzu ana haɗa shi da lasin da lambar NIN, to wane za su ɗauka a cikin biyun nan?

A Amurka, inda wasu samarinmu ke ta mafarkin zuwa jan tirela, suna da irin wannan rijistar kuma ta fi tamu tsanani, kamfani zai iya ganin haɗurran da direba ya yi na shekara biyar da binciken kan hanya da aka yi masa na shekara uku. Amma can shi ma kamfanin yana da nasa makin da ke hawa kansa duk lokacin da aka kama motarsa da matsala, direba ba ya wuce awa 11 yana tuƙi sai ya huta awa 10 kuma na'ura ce ke lissafawa tun 2017, sannan in an rubuta maka abin da ba haka ba akwai inda za ka kai ƙorafi a gyara. Direbobinsu ma suna ƙorafi fa, ba aljanna ba ce. Mu dai sandar muka ɗauko muka baro sauran.

Kuma ba wai ba mu da tushen abin ba. Rod Sefti suna da tsarin RTSSS tun 2007, wanda ya ce duk mai motoci biyar zuwa sama ya yi rijista, ya ajiye jami'in kula da lafiyar motoci, a riƙa zuwa ana duba shi. Matsalar ita ce Alhazan da na sani a Agege da Alaba Rago yawancinsu mota biyu ce ko uku, wani ɗaya tal ya haɗa da bashi, duk suna ƙasa da layin. A defo-defo na mai akwai binciken da ake yi wa tanka kafin a yi mata lodi, kuma bayan Dikko hukumar kula da harkar mai NMDPRA ta hana tankoki masu lita 60,000 ɗaukar mai daga 1 ga Maris 2025. Wannan mataki na yaba masa, don ya kama abin daga inda ake lodi ne, bai jira mota ta hau titi a tare direba ba. Irinsa nake so a gani a kwantena da siminti da buhunan da ake jibgawa a kasuwannin Mil Tuwel da Dawanau, wanda ya yi lodin da wanda ya ba da motar su sa hannu, in an kama taya ko birki makin ya hau kan lambar motar da sunan mai ita, ya bi shi har ranar sabunta takardu, motar kuma kar ta samu tikitin shiga tasha sai an gyara. Ranar da Alhaji ya ga motarsa ta yi sati ba lodi saboda taya biyu, da kansa zai je Ladipo ko duk inda ake sayarwa.

Su ma ƙungiyoyin direbobi ina da magana da su. Kuɗin tikitin ƙungiya ake karɓa kullum ta Allah, amma ban ga littafin da direba zai je ya rubuta cewa ranar kaza na gaya wa maigida birki ba lafiya ba, ta yadda gobe in abu ya faru yana da shaida, kuma in an kore shi don ya ƙi tayar da mota ƙungiya ta tsaya masa. Yanzu ma da kowa ke da WhatsApp, saƙon murya ɗaya da hoton tayar ya isa hujja in da akwai mai saurare. Sannan rijistar nan me yasa sharri kaɗai take riƙewa? Mutum ya shekara ashirin bai taɓa taka ko akuya ba, ba shi da wata takarda da zai nuna a ƙara masa albashi ko kamfanin inshora ya rage wa motar da yake ja kuɗi, sai dai shaidar baki a gareji, "ai wane hannunsa da kyau."

Kafin in tashi na ce "Kawu to yanzu an canja tayoyin?" Ya yi dariya ya nuna min motar da haɓa, tana can gefe yaronsa na kwance a ƙarƙashi kan kwali. Ya ce an canja ɗaya, 'yar Beljiyam ce, ɗayar kuma an kai wa mai faci ya juya ta an mayar da ita layin ciki inda ba a gani sosai. Ya ninke takardar tarar ya cusa a aljihun gaba tare da lasin ɗinsa, ya ce wa mai shayi ya ɗumama masa, tikitinsa na Eto ya fito ƙarfe biyun dare zai shiga Tin Kan.