Digiri na biyu a ilimin abinci: a fara shiga ɗakin majinyata tukuna

Kwanakin baya na raka kawuna asibiti bayan gwaji ya nuna sukarinsa ya hau. Da muka gama da likita sai aka tura mu wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, wurin wadda jama'a ke kira likitar abinci. Ta karɓe mu da mutunci, ta miƙa masa takardar da aka riga aka buga da Turanci: kunun gwangwani na kanti da safe, ɗanyen filanten da rana, tuwon alkama da dare. Kawu ya juya takardar ya duba bayanta, sannan ya ce, "'Yata, to furar fa? Ludayi nawa zan sha?" Ta yi jim, ta ce, "Baba, gara ka bar ta gaba ɗaya." Mutumin da tun yana yaro bai taɓa wuce azahar bai sha fura ba. Kafin mu kai bakin ƙofa na san takardar nan sai dai a ƙunshe ƙosai da ita.

Ban ga laifinta ba, abin da aka koya mata ta faɗa. Amma ita nake tunawa duk sanda wani matashi da ya gama bautar ƙasa ya tambaye ni ko ya wuce digiri na biyu a fannin abinci mai gina jiki. Amsata ita ce a yi, amma ba yanzu ba, kuma ba don an rasa abin yi ba.

Da yawa ba sa bambance aiki biyu da ke cikin fannin. Akwai mai aiki da al'umma, wanda ke bin ƙauyuka da ɗan ma'aunin dantse, yana duba yaran da tamowa ta kama. Idan kaurin dantsen yaro bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa jan sashen ma'aunin, alamar tamowa mai tsanani, sai magani. Akwai kuma na asibiti, wanda ke tsara wa mai ciwon suga ko mai ciwon ƙoda abin da zai ci gwargwadon sakamakon gwajin jininsa. Wannan na biyun hanyarsa digiri na farko ne a fannin, sannan horon shekara guda a asibiti ƙarƙashin manya. Wanda ya karanta wani fannin kimiyya ya zo ya ɗora digiri na biyu a kai zai iya zama gwanin bincike, amma takardar ba ta mayar da shi mai duba majinyaci.

Dalili kuwa, akwai ilimin da sai a gefen gado ake samunsa. Yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafafu, tausayi zai ce a cika masa ciki, kuma cika cikin ne zai iya kashe shi, domin zuciyarsa da hantarsa sun raunana. Madarar asibiti ta musamman mai suna F-75 ake fara ba shi, kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, ba a ba shi maganin ƙarin jini a wannan mataki. Sai kumburin ya fara sacewa, ya fara neman abinci da kansa, a koma madarar F-100, wadda ta fi ta ƙarfi, ko madarar gyaɗar nan ta leda da iyaye mata suka sani. Duk wannan yana cikin littafi. Abin da babu a littafi shi ne yadda za ki lallashi kakar yaron da ta ɓoye kunun kanwa a ƙarƙashin gado, tana ganin yunwa kuke kashe mata jika da ita.

Masu cewa a gaggauta sukan kawo misalin Amurka, inda tun 1 ga Janairu 2024 ba a barin kowa ya zauna jarrabawar rajistar wannan aiki sai yana da digiri na biyu. Gaskiya ne. Sai dai can ma ba a yafe wa kowa horon aiki na aƙalla awa 1,000 ba. Kuma halinmu daban ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yankin da ke cikin wannan hali, wanda a manyan asibitocin ƙananan hukumomin da na sani ko mutum ɗaya mai wannan aiki babu, in ya ƙara tsayin katanga ga masu shigowa ya yi wa kansa.

Wuraren karatu kam akwai su. Jami'ar Ibadan da ta Nsukka sun daɗe a fagen, Zariya da Kano ma yanzu ana yi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke yaye masu difloma. Damuwata ita ce inda kowa ya nufa. Kusan duk wanda na tambaya, ɓangaren lafiyar al'umma yake so, kuma in ka matsa masa zai gaya maka gaskiya: aikin ƙungiyoyin agaji, albashi mai tsoka da mota mai tambari. Ba haramun ba ne. Amma a 2025 kowa ya ga abin da ya faru da gwamnatin Amurka ta rushe USAID, hukumarta mai ba ƙungiyoyin agaji kuɗi. Wanda ya dogara da rancen tukunya, ranar da mai ita ya aiko sai ya sauke girki ko bai nuna ba.

Alhali ga aiki nan jibge da ba ya jiran tallafin kowa. Ciwon ƙoda ya addabi mutanen Gashuwa da Haɗeja, kuma mai wankin ƙoda yana buƙatar wanda zai zauna da matarsa ya yi mata bayanin dunƙulen magi da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a rana. Wa ya lissafa wanda ke cikin ɗan wake, tun da kanwar da ake zuba masa ita ma sinadarin da ke cikin gishiri ne ya cika ta? Ga azumi. Duk shekara masu ciwon suga suna ɗaukarsa, da izinin likita ko babu, su buɗe baki da dabino da kunun tsamiya mai sukari, su bi da ƙosai da soyayyen dankali. Wanda ya ƙware a wannan kaɗai ba zai rasa masu sallama a ƙofarsa ba.

Nan ne digiri na biyu yake da amfani na haƙiƙa, wato bincike. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma aiki ne mai kyau. Amma da giram 100 yake magana, mu kuwa da malmala da ludayi da gwangwani muke ci. Malmalar tuwon dawa ta gidan Bakano giram nawa ce? Yaya furar gero da nono ba sukari take ɗaga sukarin jini in an gwada ta da tuwon shinkafa, ko da achar da ake ta yabo? Ɗalibar da ta shekara biyu majinyata suna yi mata irin tambayar kawuna, da waɗannan za ta shiga aji. Wadda ta wuce kai tsaye kuwa, yawanci takardar tambayoyi za ta raba wa matan unguwa, ta rubuta cewa suna buƙatar wayar da kai, kundin ya hau kanta ya sha ƙura.

Na san abin da za a ce mini. Gurbin horon asibiti ya yi kaɗan, wasu sai su shekara suna nema, kuma mafi yawan masu karanta fannin mata ne, in aure da goyo suka zo komawa aji sai an yi da gaske. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan ce wa wadda ta samu gurbin karatu ta zauna gida tana jiran tsammani ba. Abin da zan ce mata shi ne ta nemi asibitin da za ta riƙa shiga ko da kyauta ne, ta ɗauko batun bincikenta daga can. Jami'o'in kuma su haɗa kai da asibitocin koyarwarsu, irin Malam Aminu Kano da na Shika, a saka zagayen ɗakin majinyata cikin manhajar, ya zama ana ba shi maki.

Kawu dai bai bar fura ba. Ya daina sa mata sukari, ya rage ta da ka. Ƙaramin ɗansa ne ke tsira masa yatsa awa biyu bayan ya sha, yana rubuta lambar a bayan wani tsohon littafin lissafi na makaranta. An cika shafi huɗu yanzu, ranar komawa asibiti da littafin za mu tafi.