Benayen da ba su da wurin turmi

A nan Montreal ta Kanada, ranar 1 ga Yuli ce ranar ƙaura, domin yawancin yarjejeniyoyin haya a lokacin suke ƙarewa. Mai ƴaƴa uku kuwa tun cikin hunturu yake fara neman gida, kuma da wuya ya samu a tsakiyar gari. Sabbin benayen cike suke da abin da suke kira 3½: ɗakin kwana ɗaya, falo, madafa da makewayi. Mai ɗakin kwana uku, wato 5½, ko dai babu, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin mai albashi. Unguwar Griffintown, wadda da can masana'antu ne, an cika ta da dogayen benaye, aka yi shekaru babu makarantar firamare ta gwamnati a cikinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan gidaje biyu sun fi babba ɗaya kawo riba, kuma da yawan masu saye ba zama za su yi ba, haya za su bayar. Sai da hukumar birnin ta kafa doka a 2021, wadda ake kira 20-20-20, don tilasta wa magina su ware kaso na masu iyali.

Abin da ke damuna shi ne Yamai ta kama wannan hanya, alhali ba irin iyalinmu ɗaya da su ba. Tun shirin taron Tarayyar Afirka na 2019 tsakiyar gari ta sake kama: otel-otel na Radisson Blu, Bravia da Noom, da zauren taro na Mahatma Gandhi. Madalla, gari ya yi kyau. Amma benayen haya da ke tashi a Plateau da kewaye, wa aka gina wa? Ofisoshi, ma'aikatan ƙungiyoyin waje, da baƙon da zai yi wata biyu ya tafi. Magidanci in ya je tambaya, kafin a faɗa masa kuɗin haya an tambaye shi yara nawa gare shi.

To ina za shi? Koira Tegui, Bobiel, Niamey 2000, ko ya haye gada zuwa Harobanda, inda ambaliyar 2020 ta rusa gidaje ba adadi. Wanda Montreal ta kora zuwa Laval ko Longueuil aƙalla jirgin ƙarƙashin ƙasa na kai shi aiki. Namu sai ƙananan motocin haya na faba-faba da tasi, ko ya ɗora yara uku a kan babur da sassafe.

Kuma gidan Bahaushe ba a ƙidaya shi da ƴaƴan ciki kaɗai. Akwai ƙanen da ya zo daga Tawa yana karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, akwai inna da ta zo ganin likita ta yi wata uku, kuma babu mai ce mata ta sauka a otel. Tsakar gida ce ke ɗaukar duk wannan. A nan ake daka, a nan ake shanya, a nan ake ɗaure ragon layya, a nan mata ke taruwa ranar suna. Cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke da tsakar dare, kowa sai ya ja tabarmarsa waje ya kwanta. Wanda ke hawa na huɗu cikin siminti da gilashi sai dai ya sauko da yara bakin titi. Baturen Kanada don sanyi ya rufe gidansa ruf, mu kuwa me muke gudu?

Wani kaso na waɗannan benaye da kuɗin mazauna ƙasar waje irinmu ake gina su. Mutum ya sayi fili a cikin gari, ya aika da hoton ginin da ya gani a Turai ko Dubai, ya ce wa magini a yi masa irinsa, a yanka shi ƙananan ɗakuna don haya ta yi yawa. Ranar da ya dawo gida da iyalinsa, shi ma fili yake nema a bayan gari.